Tagullar Da Ta Dushe: Tarihin Ƙarfen Da Ke Kashe Ƙwayoyin Cuta

'Yan uwa, mun saba auna tsabta da ido. Abin da ke ƙyalli mu ce tsaf yake, wanda ya dushe mu ce ƙazanta ce. Tarihin jan ƙarfe da tagulla ya nuna ido na iya yaudarar mutum.

Tun zamanin Fir'aunoni, likitocin Masar suna shafa koren garin ma'adinin jan ƙarfe a kan rauni, ba tare da sun san akwai ƙwayoyin cuta ba. A tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da kwalara ta yi ta ɗibar rayuka a birnin Faris na Faransa, wani likita mai suna Victor Burq ya lura cewa masu aikin jan ƙarfe ba su cika kamuwa ba. A 1893 kuma aka buga binciken Karl von Nägeli na ƙasar Suwizalan, wanda ya nuna ɗan mitsitsin jan ƙarfe a cikin ruwa ya isa ya hallaka ƙananan halittu.

Duk da haka, asibitoci suka koma wa farin ƙarfe mara tsatsa, domin yana ƙyalli kuma ba ya dushewa. A 1983, Phyllis Kuhn ta gwada hannayen ƙofofin wani asibiti a Amurka. Na farin ƙarfe, masu ƙyalli, cike suke da ƙwayoyin cuta. Na tagulla, wato jan ƙarfe da aka gauraya da tutiya, sun dushe kamar ba a goge su, amma ƙwayoyin da ke kansu kaɗan ne ƙwarai. A 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince a hukumance cewa irin waɗannan ƙarafa suna kashe kashi 99.9 cikin 100 na wasu ƙwayoyin cuta cikin awa biyu, matuƙar ana tsabtace su.

To, me dushewar ke yi? Idan jan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin, wani siririn ɓawo yakan rufe fuskarsa, kuma iri biyu ne. Akwai mai ja-ja, wanda ke fitowa a busasshiyar iska. Akwai baƙi, wanda laima ke haifarwa. Wani bincike da aka buga a 2013 ya gano cewa mai ja-jan yana kisa kusan daidai da sabon ƙarfe, baƙin kuwa ƙarfinsa ya ragu sosai. Dalili shi ne, ƙananan ɓurɓushin jan ƙarfe da ke fita daga fuskar su ne ke fasa fatar ƙwayar cuta su lalata cikinta, kuma baƙin ɓawon ba ya sakin su da yawa.

Abin da zai amfane mu a nan shi ne: mu riƙa wanke tagulla muna busar da ita, kada mu shafe ta da fenti ko banish don ta yi ƙyalli, domin hakan ke toshe aikinta. Koren tsatsa kuma da ke fitowa a cikin kwano ko buta, kada mu bari ya taɓa abinci, musamman mai tsami, guba ne. Kuma komai ƙarfin tagulla, ba ta ɗauke mana wanke hannu da sabulu ba.