Lantarkin matsi

Lantarkin matsi shi ne wutar da wasu duwatsu, irin su kwaz, ke fitarwa idan an matse su. Jacques da ƙanensa Pierre Curie suka gano shi a Faransa a 1880. Asalinsa jerin ƙwayoyin zarra ne: dole jerin ya zama a karkace, ba mai cibiyar daidaito ba. Shi ya sa gishiri ba ya bayarwa, ko an danne shi.

Da shi laitar dannawa take tartsatsi. Sinadarin cikinta na ɗauke da dalma, wadda wasu ilektoron ɗinta ke da tsananin gudu. Ka'idar Einstein ta 1905 ke bayyana yadda gudun ke tsuke kewayensu.