Daular Damagaram da maƙwabtanta: yadda ƙasarmu ta zama bakin iyaka

Jama'a masu saurarenmu a Dantchiao da ƙauyukan kewaye, da ƴan'uwa mazauna Kano, Legas, Agadas da sauran wurare, ga taƙaitaccen tarihin daular Damagaram da waɗanda ta yi ja-in-ja da su. Ƙasar Magariya da Dungas a tsakiyar rigimar take, shi ya sa labarin ya shafe mu kai tsaye.

Asalin daular

Wani malami ɗan asalin Barno, wanda ake kira Malam Yunus, shi ya kafa gidan sarautar wajen shekarar 1731. Da fari ƙaramar sarauta ce mai bin Barno, tana kai gaisuwa. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mai da Zindar babban birni. Garin na kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus, ya biyo ta Agadas, ya sauka Kano. Birni na sarki ne da fadawansa, Zango kuma na fatake da Buzaye.

Maƙwabta

Daga gabas akwai Barno, uwar gida, da ƙasar Muniyo ta wajen Gure. A kudu kusa akwai ƙasashen Sosebaki, wato Mirya, Washa da Dungas, waɗanda sarautarsu ta girmi ta Zindar nesa ba kusa ba, amma daga baya duk suka koma ƙarƙashinta. Gaba da su akwai Gumel, ita ma mai bin Barno. Sai Daura, Kazaure, Kano da Haɗeja, waɗanda bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804 suka koma bin Sakkwato.

A nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu. Da masu jihadi suka ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa ya yo arewa. Daga baya ƴan gidan suka zauna a Zango da Ɓaure, a ƙarƙashin inuwar Damagaram. Sarautar Magariya ma daga wannan gida na Daura ta samo tushe. Kun ga ke nan kakanninmu sun zauna tsakanin manyan dauloli biyu: Sakkwato daga kudu, Barno da Damagaram daga arewa da gabas.

Zamanin Tanimun

Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya ɗaukaka daular. Ya daɗe yana takarar sarauta da ɗan'uwansa Ibrahim kafin ta zauna masa, sannan ya yi shekara talatin da wani abu a kai. Ya kewaye Birni da ganuwa, ya sayo bindigogi ta hanyar hamada, ya sa maƙeran Zindar suka riƙa zuba igwa a gida. Manyan muƙaman yaƙi ya ba bayin sarki, don kada ƴan sarki su yi ƙarfin da za su juya masa baya. Da wannan runduna ya ci Muniyo, ya matsa wa Gumel da Haɗeja. Gaisuwar Kukawa bai yanke ta ba, amma fa sai abin da ya ga dama.

To, da me ake sayen bindigar? Da fatu, da gashin jimina, da kuma mutane. Bayi na cikin manyan hajojin da ayari ke tafiya da su arewa, kuma a ƙauyukan bakin daga ake kamo su. Baturen Ingila James Richardson, da ya sauka Zindar a 1851, ya rubuta cewa har talakawan ƙasar ba su tsira daga hari ba. Damagarawa su kai hari kudu, Kanawa su rama, manomin da ke tsakani shi ke rasa gero da iyali.

Yaƙin Kano da zuwan Faransa

A 1893 Rabe ya rushe Kukawa, Damagaram ta zama ba mai ce mata uffan. A shekarar ne kuma Amadu ɗan Tanimun, wanda ake wa kirari Kuran Daga, ya hau gado. Ya kara da Sarkin Kano Alu, rundunarsa ta kai har kusa da birnin Kano, sai dai ba ta shiga ba.

Ana cikin haka wani abokin gaba ya ɓullo daga yamma. A watan Mayu na 1898 aka kashe hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, a Zindar. A ƙarshen Yuli na 1899 sojan Faransa suka karya rundunar sarki a Tirmini, suka shiga birni, a Satumba kuma aka kashe Kuran Daga. Suka naɗa Amadu ɗan Basa, a 1906 suka tuɓe shi bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kodebuwa. Sai a 1923 sarauta ta dawo gidan, hannun Barma Mustafa. Zindar ta riƙe matsayin babban birnin ƙasa daga 1911 zuwa 1926, kafin a koma Yamai. Sarki goma, zamani goma.

Iyakar da muka gada

Ingila da Faransa sun raba yankin a kan takarda tun 1890, suka gyara a 1898, 1904 da 1906, don Faransa na neman hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Zindar da tafkin Cadi. Daga 1906 zuwa 1908 tawagar Tilho da O'Shee ta bi daji tana kafa alamomi. Layin bai bi inda ikon Damagaram ya tsaya ba. Zango da Ɓaure suka faɗa hannun Ingila, har aka mai da ɗan gidan, Malam Musa, kan gadon Daura. Magariya, Dantchiao da Dungas suka zauna wajen Faransa. Gida ɗaya ya rabu biyu.

Shi ya sa har gobe ɗan Dantchiao ke da kawu a Ɓaɓura, mutumin Dungas ke kai dabba kasuwar Maigatari, kuma duk ranar da aka rufe iyaka mu ne farkon ji a jiki. Zumunta dai a ƙafa take. Dattawan da ke riƙe da labarin garuruwansu, ƙofar gidan rediyo a buɗe take, a zo a faɗa wa yara. Allah ya jiƙan magabata, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.