Libelle (mujalla)

Libelle mujallar mata ce ta mako-mako da ake bugawa da harshen Holanci a ƙasar Holan. Fitowarta ta farko ta zo ne a ranar 13 ga Afrilu, 1934, daga kamfanin ɗab'i na De Spaarnestad da ke birnin Haarlem. Tun farko matan gida ta sa a gaba, da shafukan girki, ɗinki, saƙa, rainon yara da labaran soyayya masu ci gaba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya katse mata hanzari, ta daina fitowa a 1944, sai a 1946 ta dawo kasuwa. Babbar kishiyarta ita ce Margriet, wadda aka kafa a 1938. A 1964 kamfanonin da ke buga su suka haɗe suka zama VNU, kishiyoyin biyu suka koma gida ɗaya ba tare da sun daina gasa ba.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi shiga ran masu karatu shi ne labarin zane na Jan, Jans en de kinderen, wanda Jan Kruis ya fara a 1970. Rayuwar iyalin Tromp da jar kyanwarsu ta jawo har maza da yara zuwa shafin mujallar, kuma hakan ba ƙaramar nasara ba ce.

Kamfanin Sanoma na Finlan ya sayi Libelle a 2001, sannan DPG Media a 2020. Akwai wata Libelle a Beljiyam tun 1945, mai editocinta daban.