Ƙofar da ta buɗe shekara biyar: tarihin mayar da tsohuwar kwamfuta allo na biyu

Kusan duk wanda ya sayi sabuwar kwamfuta alhali tsohuwar tana nan da ranta, tunani ɗaya ne ke zo masa: tunda allon tsohuwar garau yake, me zai hana a haɗa su da waya ta zama allo na biyu? Sai a nemo wayar HDMI, a cusa kai ɗaya a nan, ɗaya a can, a zuba ido. Babu abin da zai bayyana. Wasu su zargi wayar su sayo wata, ita ma shiru.

Wayar ba ta da laifi. Kafar HDMI da ke jikin mafi yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka ta fitar da hoto ce kawai, ba ta karɓa. Allon da ke jikin na'urar kuwa an ɗaure shi ta ciki kai tsaye da sashen da ke sarrafa hoto, kuma babu wata hanya da hoton waje zai bi ya iske shi. Kafin hakan ta yiwu, sai maƙerin ya ƙara wani ɗan makunni a ciki wanda zai iya cire allon daga hannun mai gida ya miƙa wa baƙo. Fasahar ba ta da wuya, tambayar ita ce ko kamfani ya ga dama ya saka. Tarihin wannan 'yar tambaya ya fi fitowa fili a kwamfutar iMac ta kamfanin Apple, wadda aka yi wa wannan ƙofa a 2009, aka toshe ta a 2014.

Lokacin da allo ke zaman kansa

A shekarun 1970, allo da kwamfuta abubuwa biyu ne mabambanta. Kwamfutar tana can cikin ɗaki mai sanyi, ma'aikata kuma suna zaune gaban na'urori masu allo da madannai waɗanda ba sa lissafin komai da kansu. Mafi shahara cikinsu ita ce VT100, wadda kamfanin DEC ya fitar a 1978, mai nuna layi 24, kowane layi da harafi 80. Ana iya sauya babbar kwamfutar sau biyu ko uku, allon yana nan a teburinsa yana aiki.

A 1984, a jami'ar MIT da ke Amurka, Bob Scheifler da Jim Gettys suka soma tsarin X Window, wanda ya ɗora hotuna da tagogi a kan wannan tunani: manhaja tana gudana a wata na'ura, hotonta yana fitowa a wata, ta hanyar wayar sadarwa. Daga nan ne al'adar mayar da tsofaffin kwamfutoci alluna ta samo tushe. Zuwa 1999, shirin LTSP ya bai wa makarantu damar ajiye kwamfuta mai ƙarfi guda ɗaya, ɗalibai su yi aiki a kanta ta tsofaffin na'urorin da da an zubar da su.

A wannan shekara ta 1984 kuma Apple ya bi kishiyar hanya. Macintosh ta farko akwati ɗaya ce, allo mai inci tara da ƙwaƙwalwa duk a ciki. Abin ya yi kyau a ido, ya kuma sauƙaƙa wa mai saye, amma ya haɗa abubuwa biyu da tsawon ransu ba ɗaya ba. Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana tsufa cikin 'yan shekaru domin manhajoji kullum ƙara nauyi suke yi, allo mai kyau kuwa yakan haura shekara goma yana haske. Idan aka rufe su a akwati ɗaya, ranar da ɗaya ya gaza, tare ake binne su.

A gefe guda kuma sha'awar allo fiye da ɗaya tana ƙaruwa. Macintosh II ta 1987 ta ba da damar jona alluna da yawa su zama tebur guda, Windows 98 ta kawo wa sauran jama'a irin wannan dama. Masu tace bidiyo, masu zane, akantoci da 'yan jarida suka gano daɗin ajiye takardar da ake karantawa a allo ɗaya, wadda ake rubutawa a ɗayan. Saboda haka gida ɗaya sai a tarar da buƙatar ƙarin allo, ga kuma allo mai kyau a kulle cikin tsohuwar na'ura.

Madannai biyu

A watan Oktoba na 2009 Apple ya fitar da iMac mai inci 27, allonta na da ɗigon haske 2560 a kwance, 1440 a tsaye. Farashinta ya soma daga dala 1,699, a lokacin da kamfanin ke sayar da allonsa mai inci 30, wanda ba shi da kwamfuta a ciki, dala 1,799. Wato mutum zai sayi allo na ƙwararru, a ba shi gyaran kwamfuta.

Wannan iMac ta zo da wani abu da aka kira Target Display Mode. Sunan gado ne: tun 1991, PowerBook 100 tana iya mayar da kanta ma'ajiyar bayanai ga wata kwamfutar, dabarar da daga baya ta zama Target Disk Mode. Yanzu aka yi wa allo irin wannan. Kafar Mini DisplayPort da ke bayan iMac ɗin tana fitar da hoto, tana kuma karɓa. A jona wata kwamfutar, a danna Command da F2, nan take allon ya bar mai gida ya koma nuna hoton baƙuwa. Hoton yana tafiya ɗanye, ba a matse shi ba, babu jinkiri, tamkar allon da aka saya domin wannan aiki. Tsohuwar kuma ba ta mutu ba, tana can a baya tana ci gaba da duk aikin da aka bar mata.

Samfuran 2009 da 2010 sun fi kowanne sakin fuska, domin kusan duk na'urar da ke fitar da hoton DisplayPort suna karɓarta, har da masu Windows. Daga 2011 Apple ya koma kafar Thunderbolt. Dabarar ta yaɗu zuwa iMac mai inci 21.5, amma ƙofar ta ƙuntata: sai kwamfuta mai Thunderbolt da waya ta musamman mai tsada. Haka aka tafi har tsakiyar 2014.

Abin da ya toshe ta

A watan Oktoba na 2014 aka fito da iMac mai allon Retina 5K, ɗigo 5120 a kwance, 2880 a tsaye, jimilla miliyan 14.7, ninki huɗu na wadda ta gabace ta. Ba ta da Target Display Mode, kuma a lokacin akwai hujja ta lissafi. Domin a sabunta wannan adadin ɗigo sau 60 a daƙiƙa, kowane ɗigo da bit 24 na launi, ana buƙatar hanyar da za ta ɗauki sama da gigabit 21 a daƙiƙa. DisplayPort 1.2, wanda ke cikin Thunderbolt 2, bai wuce gigabit 17.28 ba. Waya ɗaya ba za ta ɗauki hoton ba. Shi kansa Apple sai da ya ƙera guntun lantarki na musamman domin tafiyar da allon daga ciki, kamfanin Dell kuma da ya fitar da allon 5K a wannan lokaci, wayoyi biyu ake jona masa.

Sai dai hujjar ba ta daɗe ba. Thunderbolt 3 ya iso da gigabit 40, kuma a ƙarshen 2016 Apple da kansa yana sayar da allon 5K na kamfanin LG mai aiki da waya ɗaya. An fitar da iMac masu wannan kafa a 2017, 2019 da 2020, babu wadda aka mayar wa ƙofar. Su ma tsofaffin masu ƙofar an yi ta ɗaure su da sharuɗɗa. A ƙa'idar Apple, dole iMac ɗin ta tsaya a kan macOS High Sierra ko abin da ya gabace shi, kwamfutar da za a jona kuma ta kasance ta 2019 ko kafin nan, mai macOS Catalina ko ƙasa da haka. Duk Mac mai sabuwar ƙwaƙwalwar da Apple ya soma ƙerawa da kansa a 2020 ta fita daga jerin. A watan Maris na 2022 kamfanin ya daina yin iMac mai inci 27, ya kuma gabatar da Studio Display, allo mai inci 27 da ɗigon 5K, a kan dala 1,599. Mai tsohuwar iMac 5K yana kallon allo mai girma ɗaya da ɗigo ɗaya a teburinsa, amma ba shi da hanyar jona shi.

Masu shiga ta taga

Da aka rufe ƙofa, masu manhaja suka nemi taga. Dabararsu ita ce a sa sabuwar kwamfuta ta ɗauka an jona mata allo, a kwashi hoton da take aikawa, a matse shi kamar bidiyo, a tura ta Wi-Fi ko waya, tsohuwar ta warware ta nuna. Matsewar dole ce: ko hoto mai ɗigo 1920 da 1080 yana buƙatar kusan gigabit 3 a daƙiƙa idan ɗanye ne, wayar sadarwa ta ofis kuwa yawanci gigabit ɗaya take ɗauka. Kuɗin da ake biya shi ne ɗan jinkiri tsakanin motsin hannu da abin da ido ke gani, da dusashewar ƙananan haruffa idan hanya ta cunkushe. Ga mai karanta takarda ko duba saƙonni, ba komai. Mai tace bidiyo ko gyara launi zai ji a jikinsa.

Duet Display ta fito a ƙarshen 2014 tana mayar da iPad allo na biyu. A 2017 kamfanin Astropad, wanda tsofaffin injiniyoyin Apple biyu suka kafa, ya tara kuɗi daga jama'a ya ƙera Luna Display, 'yar na'ura kamar kan yatsa da ake cusawa a kafar kwamfuta domin ta gamsu cewa allo na gaske ne. Rayuwar waɗannan ƙananan kamfanoni tana hannun mai gida. A 2018 wani sabunta macOS, mai lamba 10.13.4, ya dakatar da da yawa daga irin waɗannan manhajoji na tsawon watanni. A 2019 kuma Apple ya saka Sidecar kyauta a cikin macOS Catalina, mai yin aikin da suke sayarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Astropad ya tsira ne ta hanyar juyawa zuwa abin da Apple ya bari: a ƙarshen 2019 ya ƙara wa Luna damar mayar da tsohuwar Mac allon sabuwa.

Microsoft ya bi tasa hanyar. Tun sabuntawar Windows 10 ta 2016, kwamfuta tana iya karɓar hoton wata ta tsarin Miracast, ba tare da waya ba, muddin na'urar Wi-Fi ɗinta ta dace. Apple ya kawo kwatankwacin haka a 2021 cikin macOS Monterey, amma a jerin iMac ya taƙaita shi ga ta 2019 zuwa sama. Hakan ya bar iMac 5K na 2014, 2015 da 2017 a tsakiya: sun makara ga tsohuwar ƙofa, sun yi tsufa ga sabuwar taga. Shi ya sa wasu masu gyara suke farke su, su kwashe kayan cikin, su saka wani faifan lantarki da ake sayowa daga Sin mai kafar HDMI da DisplayPort. Ƙofar da kamfani bai yi ba, sai da aka fasa bango aka yi ta.

Inda abin ya shafe mu

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar lantarki ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62, kuma kashi 22.3 cikin ɗari kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. Wani kaso na na'urorin da Turai da Amurka suka gaji da su yana sauka a Legas, ya bi ta Computer Village da ke Ikeja, ya iso shagunan titin Beirut a Kano. Wanda ya yi rai a sayar da shi na hannu, wanda bai yi ba ya ƙare a buhun 'yan jari-bola. Ranar 14 ga Oktoba 2025 da Microsoft ya tsayar domin janye tallafin Windows 10 ta ƙara yawan na'urorin da lafiyarsu lau, amma Windows 11 ba ta yarda da ƙwaƙwalwarsu ba. Allunansu duk suna haske.

An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma a nan sai an yi lissafi. Tsohuwar kwamfutar da aka mayar allo dole ta kasance a kunne gaba ɗayanta. iMac mai inci 27 ta 2009 tana jan sama da wat ɗari ko ba ta aikin komai, allon zamani mai girmanta kuwa ba ya cin rabin haka. Ga wanda ke aiki da hasken rana ko janareta, abin da aka tsimi a kasuwa yana iya zubewa a batir da fetur. Tsohuwar tafi-da-gidanka ta fi dacewa da wannan aiki, domin cinta kaɗan ne, kuma manhaja irin su spacedesk ko tsarin Windows na kansa sun isa.

Ga mai shirin sayen kwamfutar tebur mai haɗe da allonta, wannan tarihi ya bar tambaya ɗaya da ya kamata a yi kafin a biya kuɗi. Wasu samfuran HP, Dell da Lenovo suna da kafar HDMI ta shiga, an rubuta hakan a gefenta, wasu kuma ba su da ita. A juya na'urar a duba bayanta. Wannan 'yar kafa ce za ta tantance ko bayan shekara bakwai kana da allo, ko kana da kayan da za a auna a sikeli.