Tsarin gani-da-ido a ɗakunan ajiya da batun gubar dalma a Anka

A manyan ɗakunan ajiyar kaya na zamani, baƙo kan gane inda zai taka da inda zai kauce wa tun kafin wani ya yi masa magana.

Layin fenti a ƙasa ya raba hanyar masu tafiya a ƙafa da ta motocin ɗaga kaya, zane a bango ya nuna iyakar tsawon da za a jibge buhuna, kuma kowane kayan aiki yana da gurbinsa wanda aka zana da siffarsa, ta yadda idan babu shi za a gane nan take.

Wannan shi ake kira tsarin gani-da-ido. Manufarsa ita ce a mayar da dokar wurin aiki da haɗarin da ke cikinsa abin da ido zai gani, maimakon abin da sai an karanta ko an tuna.

Asalin tsarin

An fi danganta tsarin da kamfanin ƙera motoci na Toyota a ƙasar Japan, a shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda injiniya Taiichi Ohno ya yi fice wajen amfani da katuna da fitilu don nuna halin da aiki yake ciki. Daga Japan ne kuma aka sami ƙa'idoji biyar da ake kira 5S: a ware abin da ba a buƙata, a ba kowane kaya mazauninsa, a share, a mayar da hakan doka, sannan a ɗore a kai.

Launukan kariya kuwa hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ce ta tsara su, kuma ta fitar da kundin alamominta mai lamba 7010 a shekarar 2003. Jan da'ira mai gicciye hani ne. Kusurwa uku mai ruwan ɗorawa gargaɗi ne. Shuɗin da'ira umarni ne, kamar sanya takunkumi ko safar hannu. Koren allo na nuna mafita ko akwatin agajin gaggawa. An haɗa kowane launi da siffarsa ne saboda akwai mutanen da idonsu ba ya bambance ja da kore.

Manoman Gummi da Bukkuyum sun san wani ɓangare na wannan tsari ko da ba su san sunansa ba: ratsin launi da ke gindin kwalbar maganin feshi, inda ja ke nufin mafi tsananin guba, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore.

Lokacin da gida ya zama sito

A yammacin jihar Zamfara, hatsari mafi muni da ya shafi ajiyar kaya ya auku ne a cikin gidajen jama'a, inda babu allo ko layi ko ɗaya.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke sa ido kan cutar sanƙarau, suka lura ƙananan yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka bayan amai da jijjiga, kuma magungunan zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba sa yi musu aiki. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce.

Tashin farashin zinariya a kasuwar duniya ya ja mutane da dama zuwa haƙar ma'adinai. Dutsen da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa. Akan kawo shi gida cikin buhuna, a ajiye a tsakar gida, a farfasa, a daka a turmi ko a niƙa da irin injin da ake niƙa hatsi, sannan a shanya garin a inda yara ke rarrafe.

Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta gudanar tare da hukumomin Najeriya a ƙauyuka biyu ya gano cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Kimanin kashi biyu cikin uku na gidajen da aka bincika suna sarrafa dutsen a cikin gida. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sanya a lokacin ga filin wasan yara 400 ce.

An ƙiyasta cewa yara akalla 400 ne suka rasu. Ƙauyukan da abin ya fi shafa sun haɗa da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega a ƙaramar hukumar Anka, da kuma 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum.

Abin lura a nan shi ne ƙurar dalma ba ta da wari, kuma a ido ba ta da bambanci da ƙurar tsakar gida. Buhun da ya ɗauko dutse kamanninsa ɗaya da buhun gero. Binciken da aka yi daga baya kan abinci ya nuna cewa galibin gurɓacewar hatsi ta faru ne bayan girbi, wajen sussuka da niƙa da girki a gurɓatattun gidaje. Uwa mai tsananin tsabta ma ba ta da hanyar ganewa.

Yadda aka bayyanar da gubar

Aikin tsabtace ƙauyukan, wanda kamfanin TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith suka jagoranta tare da gwamnatin jihar, ya dogara ne da wata na'urar hannu da ake ɗorawa a ƙasa ta nuna yawan dalma cikin ɗan lokaci. Da ita aka tantance inda za a kankare, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa zuwa ramukan da aka keɓe, aka zuba sabuwa. An bi gida-gida, ɗaki-ɗaki.

Bagega, wadda ta fi sauran girma, ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin, bayan matsin lamba daga ƙungiyoyi ciki har da Follow The Money ta Hamzat Lawal. Jinkirin ya yi illa, domin likitoci ba sa ba yaro maganin fitar da dalma sannan su mayar da shi gidan da ke cike da ita.

Mataki mafi muhimmanci shi ne wanda aka ɗauka da taimakon sarakuna da dagatai: fitar da ajiyar dutse da niƙansa zuwa bayan gari. A ma'aunin masana tsarin gani-da-ido, wannan shi ne layi na farko da ake ja a kowane sito, wato tsakanin inda haɗari yake da inda mutane ke rayuwa.

Abin da ƙaramin sito zai iya yi

Tsarin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A wurin sarrafa ma'adinai ana iya shafa wa buhunan dutse da bokitai da shebur jan fenti, a kuma hana duk abin da ke da wannan launi shiga gari. Ana iya jan layi da farar ƙasa ko jera duwatsu a bakin wurin: daga ciki kayan aiki, daga waje tufafin komawa gida, a tsakani kuma randar wanka da sabulu. Rumfar cin abinci da wurin alwala su kasance can gefe, inda iska ba ta kai ƙura.

Haka abin yake a sitocin hatsi da taki na kasuwanni. Maganin ƙwari na da kusurwarsa mai alamar ƙoƙon kai, nesa da abinci. Layi a bango ya nuna inda jibgin buhuna zai tsaya kafin ya rufto wa 'yan dako. Bakin ƙofa da gaban tukunyar kashe gobara su zama fili da aka zagaye da fenti. Ɗakin da aka sanya wa ƙwayar hayaƙin kashe ƙwari a rufe shi, a rubuta ranar rufewa da ranar buɗewa a jikin ƙofa. Allon da aka rubuta da Turanci kaɗai ado ne kawai a irin wannan wuri. Hoto da Hausa, da boko da ajami, sun fi isar da saƙo.

Sai dai alama ba ta kashe ƙura. Gwajin da ƙungiyar OK International ta yi tare da MSF a arewacin Najeriya, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa fesa ruwa yayin fasa dutse da niƙa ya rage dalmar da ke cikin iska da kusan kashi 95 cikin ɗari. Fenti kuma yakan koɗe, kuma allon da ya daɗe a bango ido kan saba da shi har a daina ganinsa, shi ya sa akan ɗora wa mutum guda alhakin zagayawa da sabunta alamomi.

A 2015 an sake samun irin wannan annoba a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. MSF ta miƙa shirinta na Zamfara ga hukumomin jihar a farkon 2022, bayan ta yi wa dubban yara magani. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilun 2019 saboda matsalar tsaro, sannan ta ɗage haramcin a watan Disambar 2024.