Rabon garuruwa bisa sana'arsu: abin da tarihin Nijar ya nuna

A shekarar 1943 wani Ba'amurke masanin labarin ƙasa, Chauncy Harris, ya kasa biranen Amurka bisa aikin da yawancin mazaunansu suke ci da shi: na masana'antu, na ciniki, na sufuri, na haƙar ma'adinai da sauransu. Hanyar tasa ta dogara ga ƙidayar ma'aikata a lokaci guda. Hausawa ma sun daɗe da irin wannan rabo. Labarin Bayajida ya ba Kano da Rano sarautar baba, Katsina da Daura sarautar kasuwa, Gobir sarautar yaƙi, Zazzau kuma sarautar bayi. Harshen kansa yana bambanta birni, mai ganuwa da fada, da zango, inda ayari ke sauka. Amma in an bi tarihin garuruwan Nijar, sai a ga rabon ba ya daɗewa: sana'a tana sakewa, suna yana nan.

1. Garuruwan ayari

Damagaram ta tashi da unguwa biyu, Birni na sarauta da Zango na fatake. A zamanin Sarki Tanimu, cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 19, fatu da gashin jimina da bayi suna bin hanyar Agadas da Gat zuwa Tarabulus, tufafi da takarda da bindigogi suna gangarowa. Faransawa sun ci garin a 1899. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka juya kudu wajen teku, fataucin hamada ya durƙushe. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ta zama mazaunin mulkin ƙasar, a 2011 kuma aka buɗe matatar mai a arewacinta. Har yau ana cewa Zango, ko da yake ayarin Tarabulus ya daina sauka.

2. Garuruwan yaƙi

Katsinawan da suka bar birninsu bayan 1807 su suka mai da Maraɗi sansani a kurmin gulbi. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri kusa da ita bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A ƙarni na 19 kashinsu ɗaya ne. Zamanin Nasara ya kawo wa Maraɗi cinikin gujiya. Ambaliyar 1945 ta sa aka mai da garin bisa tudu. A 1962 aka kafa SONARA don sayen gujiyar. Farin 1973 da 1974 ya karya wannan ciniki, sai alhazan garin suka ƙarfafa kai kaya Najeriya. Tsibiri ta zauna garin sarauta da noma.

3. Garuruwan mulki da na ma'adinai

Yamai ƙaramin gari ce a bakin kogi kafin a mai da hedkwata can a 1926. Albashin ma'aikata ne ya jawo kasuwa. Arlit kuwa don uraniyom aka kafa ta a 1969, aka fara fid da shi a 1971. Ramin Akuta, da ya soma aiki a 1978, an rufe shi a 2021. Garin da ya rataya ga sana'a guda shi ya fi sauƙin sakawa cikin kashi, shi ya fi saurin girgiza.

4. Inda ƙidaya ke gazawa

Tawa kasuwa ce tsakanin manoma da makiyaya, amma gidaje da yawa suna ci da abin da ƴan ci-rani ke aikowa daga Abijan da wasu biranen bakin teku. Ƙidayar cikin gari ba ta ganin wannan aiki. Haka kuma mutumin da aka rubuta manomi da damina, da rani maƙeri ne ko ɗan koli.

5. Abin lura ga masu tsara yaƙi da jahilci

Da farko, duk rabon da aka yi a sa masa shekara. Na biyu, a yi ƙidaya damina da rani. Na uku, a tsamo kalmomin littafin karatun manya daga sana'ar da ake yi yau: ɗan kasuwar Maraɗi yana bukatar lissafin sefa da naira da takardun duwan, abin da lebura a Arlit bai matsu da shi ba. Littafin da bai taɓa abincin mutum ba, ba ya riƙe shi a aji.

Masu haɗa ƙamus kuwa nasu aikin ya fi gaggawa. Kalmomi kamar madugu, jagaba, uban dawaki da fatoma, ma'anarsu ta fatauci tana bakin tsofaffi kaɗan. Ya kamata a rubuta su tun masu saninsu suna da rai, domin da su za a gane abin da gari ya kasance kafin ya sake sana'a.