Gida Na Wasu, Fili Na Kowa

A garin St Andrews da ke gabashin Sikotilan akwai wani gida na dutse a bakin tsohon filin golf, daidai bayan wurin da 'yan wasa ke bugun farko. Shi ne gidan ƙungiyar Royal and Ancient. Abin da ya ja hankalina ga tarihinsa shi ne, masu gidan ba su ne masu filin ba.

Filin ya girme gidan nesa ba kusa ba. Tun a 1552 Akbishop John Hamilton ya tabbatar wa mutanen gari haƙƙinsu na yin wasa a wannan rairayi na bakin teku. Ita kuwa ƙungiyar, sai a 1754 wasu masu sarauta da masu hannu da shuni su 22 suka kafa ta, kuma a 1834 Sarki William na Huɗu ya zama uban ƙungiyar. Shekara ɗari suka yi suna taro a masaukan gari da zauren wasu, ba su da nasu.

A 1853 aka aza harsashin gidan bisa zanen George Rae, aka kammala shi a 1854. Gini ne mai hawa ɗaya, a kan salon Girkawa da Rumawan da. Da ƙungiyar ta ƙara daraja, sai gidan ya bi ta: aka ɗora bene, aka faɗaɗa ɗakuna, aka fitar da wata babbar taga mai kallon fili. A 1897 aka danƙa wa ƙungiyar tsara dokokin wasan, har maganar mazauna gidan ta zama doka a ƙasashe masu yawa.

Sai dai ƙofar ba ta faɗaɗa tare da ginin ba. Shekara 260 ƙungiyar ta yi ba mace ko ɗaya a cikinta, sai a Satumban 2014 aka kaɗa ƙuri'ar karɓar mata. Filin kuwa har gobe na jama'a ne. Yawancin ranakun Lahadi ba a wasa a kansa. Mutanen gari ke fitowa shan iska da iyalansu.

Shi ya sa nake ganin tagar nan ta fi kowane sashe na ginin faɗin gaskiyar tarihinsa. Na ciki sun tsara yadda za a yi wasa, amma wanda zai taka filin, wannan gari ne ya yanke tun kafin a aza tubalin farko.